Ƙaramin Jirgi a Babban Ruwa: Masu Gadin Tekun Sao Tome da Principe

Idan aka ce wa ɗan firamare ya lissafa ƙasashen da suka yi iyaka da Nijeriya, zai kawo Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, malaminsa ya ba shi maki cikakke. Lissafin nan na tudu ne. Ta ɓangaren ruwa muna da wasu maƙwabtan da ba a cika ambata ba, mafi ƙanƙanta a cikinsu kuwa ita ce Sao Tome da Principe, tsibirai biyu a mashigin tekun Gini, kudu da bakin kogin Neja. Faɗin ƙasarta duka bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba. Jama'arta sun ɗara 200,000 da kaɗan, wato ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa ba. Amma ruwan da dokar duniya ta mallaka mata ya kai kimanin murabba'in kilomita 160,000, ya ninka jihar Kaduna fiye da sau uku. Tarihin da nake so in bi a nan shi ne na 'yan jiragen da aka ɗora wa gadin wannan ruwa, da abin da ya same su duk lokacin da suka yi ƙoƙarin yin aikinsu.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne haɗin mutumin Unguwar Sarki da teku? Babban ruwan da muka sani shi ne kogin Kaduna, shi ma da rani yara na tsallaka wasu wuraren a kan duwatsu. To amma ɗan taƙi kaɗan daga unguwarmu tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA yake, wadda aka buɗe a 1964, kuma daga cikinta hafsoshin sojan ruwan ƙasar nan da yawa suka fito. A Kachia akwai makarantar koyon makamai ta sojan ruwa. Jiragen yaƙinmu ma da sunayen Hausa aka yi wa wasunsu huɗuba: Aradu, Dorina, Damisa, Kyanwa, sai na baya-bayan nan, Kada, wanda ya iso a 2022 ɗauke da sunan dabbar da garinmu ya samo nasa sunan. Saboda haka ba shisshigi na yi ba.

A shekarar 1982 ƙasashen duniya suka sa hannu kan yarjejeniyar dokar teku a Montego Bay ta ƙasar Jamaika. Ta ba kowace ƙasa mai gaɓa mil 12 na ruwa a matsayin cikin gidanta, sannan mil 200 inda kifi da man da ke ƙarƙashin ruwa duk nata ne. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, don haka mil 200 kilomita 370 ke nan, tafiyar da ta fi daga Kaduna zuwa Kano da nisa sosai. Ga ƙasa irin Sao Tome, wannan kamar a kira talaka ne a ba shi gandun sarki, a ce ya noma, ya kuma tsare shi daga dabbobi, alhali fartanya ɗaya gare shi. Takarda ta ce ruwan nasa ne. Amma a teku ba a kafa turke, ba a dasa aduwa a kan iyaka. Ikon ƙasa yana ƙarewa ne daidai inda man jirginta ya ƙare.

Tun farkon tarihinsu, jiragen wasu ne suke yanke wa tsibiran nan hukunci. Matuƙan Fotugal sun iske su babu kowa wajen 1470. Daga 1493 aka fara zama na sosai, aka sare daji aka shuka rake, aka riƙa kwaso bayi daga Benin da bakin Neja da Kwango don su yi aikin. Sukari ya kawo dukiya, dukiya ta jawo idon ɓarayi. Bayan harin da 'yan fashin Faransa suka kai, Fotugal ta gina ganuwar Sao Sebastiao a bakin ruwa a 1575, ta jera mata igwa. Ganuwa kuwa ba ta tafiya. Jiragen Holan sun zo a 1599 sun yi ɓarna, suka sake dawowa a 1641 suka kama garin suka zauna shekaru. A 1719 wani ɗan fashi Bature mai suna Howell Davis ya shiga Principe da tutar ƙarya, yana cewa shi jami'in Ingila ne mai farautar 'yan fashi, da niyyar ya gayyaci gwamnan tsibirin cikin jirginsa ya yi garkuwa da shi. Asirinsa ya tonu, aka yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi. Mutanensa suka naɗa Bartholomew Roberts a madadinsa, ya huce haushi a kan tsibirin, sannan ya shafe shekara uku yana addabar teku, har sai da jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe shi kusa da gaɓar Gabon a 1722. Mutanen tsibirin sun iya kashe ɗan fashi da ya sauko tudu. Wanda ya tsaya a ruwa sai da aka jira jirgi daga Ingila.

Mu a nan, karo na farko da sunan Sao Tome ya shiga kunnen iyayenmu shi ne lokacin yaƙin basasa. Sojan ruwan Nijeriya sun toshe gaɓar Gabas tun 1967, suka sauke dakaru a Bonny a watan Yuli na shekarar, daga baya Kalaba da Fatakwal suka faɗi. Da hanyar ruwa ta rufe, sai Biyafara ta koma dogaro da sama. Sao Tome tana hannun Fotugal a lokacin, Fotugal kuma ba ta tare da Legas, don haka filin jirgin tsibirin ya zama tashar da jirage ke tashi da dare zuwa Uli. Ƙungiyoyin coci sun yi sawu sama da 5,000 da abinci da magani daga 1968 zuwa Janairun 1970, makamai ma sun bi ta wannan tsibiri. Ɗigo ne a taswira, amma ya ƙara wa yaƙin tsawo, ya kuma ceci rayukan yara masu yawa, gwargwadon ɓangaren da mutum ya tsaya ya duba.

Ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Yuli, 1975, Manuel Pinto da Costa ya zama shugaba. Turawan gonakin koko suka kwashe nasu ya nasu suka tafi, suka bar gwamnati da ba ta da kuɗi, ba ta da ƙwararru, ballantana rundunar ruwa. Shekaru da dama sojan Angola ne suke tsaron tsibiran. Ba a waiwayi teku da gaske ba sai da aka fara jin ƙanshin mai. Nijeriya da Sao Tome kowacce ta ce wani yanki na ruwan nata ne. Da aka kasa shata iyaka, sai aka sa hannu a Abuja ranar 21 ga Fabrairu, 2001, cewa za a ci yankin tare, Nijeriya kashi 60, Sao Tome kashi 40, ofishin hukumar haɗin gwiwar kuma a Abuja. Tun ba a haƙo ko ganga ɗaya ba rigima ta tashi a gida. Ranar 16 ga Yuli, 2003, Shugaba Fradique de Menezes yana Abuja wajen taro, sojoji ƙarƙashin Manjo Fernando Pereira suka ƙwace mulki. Mako guda aka yi ana ja-in-ja, sannan Obasanjo ya raka shi gida da kansa. Man da aka yi ta faɗa a kai har yau bai zama arzikin da aka yi mafarki ba. Abin da ya bari shi ne hankalin manyan ƙasashe da ya karkato. Amurka ta ba dakarun gadin gaɓar ƙasar ƙananan jirage masu gudu, ta kafa musu na'urorin rada a bakin ruwa, ta horar da mutanensu.

Ɗaya daga cikin waɗannan jirage, wanda ake kira Archangel, shi ya ja ƙasar cikin shari'ar da ta fi kowace girma a tarihin tekunta. Tsawonsa bai fi na doguwar motar haya ba. Ranar 15 ga Maris, 2013, ya fita ya iske manyan jiragen dakon mai biyu sun matso juna a cikin ruwan da ke tsakanin tsibiran, suna shirin juye mai daga ɗaya zuwa ɗaya. Na farko Duzgit Integrity, mai tutar Malta; na biyu Marida Melissa, mai tutar Tsibiran Marshall. Irin wannan juye-juye a tsakiyar teku sana'a ce da aka saba da ita, amma ita ce kuma hanyar da man sata ke sauya hannu a yankinmu, shi ya sa kowace ƙasa take son a nemi izininta tukuna. Aka yi magana ta rediyo. Kyaftin ɗin ya ce shi ya fahimci an yarje masa. Jami'an suka ce babu wanda ya yarje masa. Aka tasa ƙeyar jiragen biyu zuwa bakin babban birni.

A tsaya a dubi waɗanda suka haɗu a wannan rana. Ƙasashe uku ne, dukkansu tsibirai, dukkansu ƙanana. Malta ba ta kai rabin Sao Tome faɗi ba, amma rajistar jiragenta tana cikin manya a duniya. Tsibiran Marshall ma haka, mutanensu ba su kai na wata gunduma a Kaduna ba, tutarsu kuwa tana kaɗawa a kan dubban jirage da masu su ba su taɓa taka ƙasar ba. Biyu sun mai da teku kasuwa suna sayar da tuta, ta ukun tana da ruwa tana neman wanda zai ji maganarta a cikinsa.

Hukumomin Sao Tome suka yi abin da mai ƙaramin ƙarfi kan yi ranar da babban nama ya faɗa tarkonsa. Hukumar tashar ruwa ta ci tara, kwastan suka ci tasu. Cikin mako biyu kotu ta samu kyaftin ɗin biyu da laifin fasa-ƙwauri, ta ɗaure su shekara uku-uku, ta yanke diyyar Yuro miliyan 5, ta kuma ce a ƙwace jiragen da man da ke cikinsu. Daga baya shugaban ƙasa ya yi wa kyaftin ɗin afuwa, amma Duzgit Integrity ya yi wajen wata takwas a tsare kafin a sake shi. Malta ta kai ƙara gaban alƙalan sasanci a birnin Hague. A watan Satumba na 2016 suka yanke hukunci mai fuska biyu. Suka ce jirgin bai da izini, don haka Sao Tome tana da ikon tsayar da shi, ta kai shi gaɓa, ta ci shi tara. Amma tarin hukuncin da aka jibga masa, da tsawon tsarewar, da ƙwace kayan, sun wuce kima idan aka auna su da laifin. A Disambar 2019 aka umarci ƙasar ta biya diyya.

Ni a ganina alƙalan ba su yi zalunci ba, domin hukunci ya kamata ya yi daidai da laifi ko wane ne mai laifin. Sai dai abin yana da ɗaci. Matuƙan ƙaramin jirgin sun yi aikinsu daidai, kotun duniya ma ta shaida haka. A tudu aka ɓata rawar da tsalle. Darasin da kamfanonin jiragen ruwa suka ɗauka kuwa a bayyane yake: ƙasar da kasafin kuɗinta ya dogara da tallafin waje za ta yi dogon tunani kafin ta sake taɓa jirgin da ke da lauyoyi a Turai. Gadin teku ashe bai tsaya ga injin da bindiga ba. Yana bukatar mai gabatar da ƙara da ya san dokar teku, da alƙalin da ba zai ɗauki jirgin baƙo a matsayin ganima ba, da mai fassara da zai hana maganar rediyo zama gardama.

Shekara biyu bayan wancan kamu, wata shari'ar ta zo musu har gida ba tare da sun fita nemanta ba, kuma a wannan karon da sunanmu a ciki. Akwai wani jirgin kamun kifi mai suna Thunder da 'yan sandan duniya suka daɗe suna nema saboda satar kifi a tekun kudancin duniya, can kusa da ƙanƙara. A Legas aka yi masa rajista, tutar Nijeriya yake ɗauke da ita. A Disambar 2014 jirgin wata ƙungiyar masu kare teku, Sea Shepherd, mai suna Bob Barker, ya gano shi ya bi shi. Kwana 110 ana wannan tsere, aka ci sama da mil 10,000. Ana cikin haka Nijeriya ta soke rajistarsa, ya zama jirgi marar ƙasa wanda kowa ke da ikon hawa. Ranar 6 ga Afrilu, 2015, a cikin ruwan Sao Tome, ya nutse da rana tsaka, teku kwance lafiya lau. Waɗanda suka hau shi kafin ya tafi ƙasa sun iske ƙofofinsa a buɗe, alamar da gangan aka yi don a binne shaida. Masu bin sa ne suka tsamo mutum 40 da ke ciki, suka miƙa su ga hukumomin tsibirin. A watan Oktoba kotun Sao Tome ta ɗaure kyaftin ɗin da manyan injiniyoyinsa biyu, kowanne kusan shekara uku, ta ci su tarar Yuro miliyan 15. Manyan ƙasashe masu jiragen yaƙi sun yi shekaru suna kallon Thunder yana wucewa. Ƙaramar kotu a ƙaramin tsibiri ce ta yanke masa hukunci, da shaidar da jirgin wasu ya kawo mata.

Daga nan aka gane wata dabara: idan ba ka da jirgi, ka hau na wani da kakinka da takardar ikonka. Jami'an Sao Tome suka riƙa shiga jirgin waccan ƙungiya tare da takwarorinsu na Gabon suna binciken masu kamun kifi, har a 2016 suka kama wani jirgin Sifen maƙare da kifin shak. Tarayyar Turai ta riƙa biyan ƙasar Yuro 840,000 a shekara ƙarƙashin yarjejeniyar 2019 don jiragenta su kama kifin tuna. Wanda ba ya iya zuwa inda ake kamun, dole ya karɓi lissafin da mai kamun ya rubuta masa.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mu ma bai kamata mu yi wa kowa dariya a nan ba. Nijeriya ba ta da rundunar gadin gaɓa mai zaman kanta, sojan ruwa ke wannan aiki, kuma manyan jiragen sintirinsu biyu kwancen masu gadin gaɓar Amurka ne: NNS Thunder da aka karɓa a 2011, wanda ya yi tarayya da jirgin ɓarayin can a suna kawai, da NNS Okpabana a 2014. Dukkansu an ƙera su tun shekarun 1960. Kyanwa ma daga can ta zo, ita kam zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera ta. Aradu, wanda muka saya sabo daga Jamus a 1982, ya shafe shekaru ɗaure a Legas yana jiran gyara. Ranar da ake miƙa kyautar jirgi ana yanka kyalle, a busa badujala, a ɗauki hoto. Ba a ɗaukar hoton ranar da famfon injin ya lalace, aka tarar sai an yi odarsa daga wata nahiya. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe dare da rana, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. Idan ƙasa mai arzikin mai ta sha wannan wahala, sai a ƙiyasta halin wadda koko ne abin da take sayarwa.

Abin da ya fi nauyi a faɗa shi ne, haɗarin da ya fi damun ruwan Sao Tome a 'yan shekarun nan daga gaɓarmu ya fito. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a duniya baki ɗaya, 130 daga cikinsu a mashigin Gini, akasarinsu kuma a surƙuƙin Neja Delta aka ɓoye su har aka biya fansa. Da sintiri ya tsananta kusa da Bonny da Brass, sai 'yan fashin suka riƙa nausawa can cikin teku, inda suka san babu mai tare su. Ranar 23 ga Janairu, 2021, suka hau jirgin kwantena mai suna Mozart, wanda ya taso daga Legas za shi Cape Town, kimanin mil 100 daga Sao Tome. Ma'aikatan suka kulle kansu a ɗakin tsira, maharan suka yi sa'o'i suna fasa ƙofar ba wanda ya zo. Suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, suka tafi da Turkawa 15, sai bayan kusan mako uku aka sako su a Nijeriya. Mu da muka san hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta Birnin Gwari a waɗannan shekaru, ba sai an fassara mana wannan labari ba. Kuma kuɗin inshorar da kamfanoni ke ƙarawa a kan duk jirgin da zai shigo ruwanmu yana biyo kwantena har tashar tudu ta Kakuri da aka buɗe a 2018, daga can ya shiga farashin kaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

An yi ƙoƙari. A Yunin 2013 shugabanni suka haɗu a Yawunde suka raba tekun shiyya-shiyya. Sao Tome ta faɗa shiyya ɗaya da Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini, mai cibiya a Duwala. Nijeriya tana ta gaba da ita tare da Benin da Togo da Nijar, wadda ko taku ɗaya na gaɓa ba ta da shi amma a lokacin kayanta ta Kwatano da Lome suke shigowa. Nijeriya ta yi dokar hukunta fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin Deep Blue a Yunin 2021 da jirage da jiragen sama, hare-hare kuma suka ragu ƙwarai daga wannan shekara.

A nasu ɓangaren, mutanen Sao Tome tsohuwar uwargijiyarsu suka koma wa. A Janairun 2018 Fotugal ta aiko da jirgin sintiri mai suna Zaire, tsawonsa mita 44, don ya zauna a tsibirin shekara guda. Aka yi ta ƙara masa wa'adi shekara bayan shekara. Tsarin da aka yi shi ne ma'aikatansa su zama gauraye, 'yan Fotugal da 'yan ƙasa, ana rage na farko ana ƙara na biyu sannu a hankali, har samarin tsibirin su iya riƙe sitiyari da ɗakin injin da taswira da kansu. A cikinsa da yawansu suka fara kwana a teku nesa da ganin tudu, suka fara isa iyakar ruwan da tun 1982 ake ce musu nasu ne. Zaire ya fara aiki a rundunar Fotugal a 1971, lokacin da take yaƙin hana ƙasashen Afirka da ke hannunta 'yanci. Ya girmi ƙasar da ya zo gadi da shekara huɗu.